Yadda gara ta gyara min labarina

Wata takwas kenan ina rubuta wani labari na duniyar da ba tamu ba, ina sakin shi babi-babi a Wattpad, manhajar karanta labarai a intanet, kuma wlh ba fagen yaƙi ne ya fi ba ni wuya ba, addinin mutanen cikin labarin ne. Na ƙirƙiro wasu halittu su bakwai na sa musu suna Majiya, suna zaune a ƙasan wani tafkin gishiri, duk abin da ka saƙa a ranka suna ji komai nisanka, su cusa maka tsoro ko su goge maka abin da ka sani. Mutanen garin kuwa baƙin bunsuru suke kai musu suna roƙon ruwan sama, irin dai bunsurun da tarihin Kano ya ce ana kai wa Tsumburbura zamanin Barbushe.

Ina sakin babi na 9 wata mai karatu ta turo min cewa anti wannan ai shirka kike koya wa yara. Ranar ban runtsa ba. Ni ban ce kowa ya bauta musu ba, amma da na koma na karanta sai na ga na rubuta su kamar sun san komai, alhali Allah kaɗai ne Masanin komai. Ga shi labarin ma ya tsaya cak, jarumata ba ta isa ta ƙulla wata dabara ba, kafin ta gama tunani sun ji.

Da azumi ne ina jin tafsiri a rediyo ina yankan alayyahu malam ya zo kan aya ta 14 a Suratu Saba'i, Annabi Sulaiman (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi, da sun san gaibu ai da ba su zauna cikin wannan azabar ba. Ajiye wuƙar na yi.

Na koma na sake babi shida. Yanzu Majiya abin da ke zuciyarka a wannan lokacin kawai suke ji, gobe duhu ce gare su kamar kowa, suna tsufa, suna tsoron mutuwa. Na cire sunayen iskokin bori da na ara da farko irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, don waɗannan akwai masu riƙe da su da gaske, ba nawa ba ne. Sai na shigo da wata tsohuwa mai jiƙo da ta ƙi kai yanka, ta ce ita wanda ya halicci tafkin take roƙo, kuma ita ce masu karatu suka fi so yanzu.

Ina babi na 31, ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya mutu, sauran shidan da bokayensu suna ta ɓoye wa gari, gishirin da ke kan gawar kuma ya fara tsagewa.