Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Taguwar Gidan Zu na Kumasi

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda na sauka gidan Kawu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, na fara bin sa rumfa ina koyon tsintar goro da ɗaurin huhu.

Wata Lahadi, da yake ciniki yakan yi sanyi saboda mutanen gari sun tafi coci, jikokin Kawu suka tasa shi gaba sai an kai su gidan zu. Hajiya ta sa baki ta ce, “Alhaji, ka kai su mana. Ga ɗanka ma tun da ya zo bai san ko'ina ba, daga rumfa sai masallaci.” Muka karya da koko da ƙosai, muka hau tiro-tiro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa tashar Kejetia, na sayi ayaba da gyaɗa a bakin hanya.

Gidan yana tsakiyar gari, tsakanin Kejetia da Cibiyar Al'adu. Ka baro hayaniyar 'yan kamasho da masu talla, taku kaɗan sai ga ka a ƙarƙashin manyan itatuwa. Kawu ya ce yana ɗan makarantar allo majalisar masarautar Asante ta buɗe shi, a 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai. Wasu dabbobin kuma 'yan Accra ne. Asalinsu na gidan zu ɗin da Kwame Nkrumah ya kafa a fadarsa ne, aka kwaso su a 2006 lokacin da za a gina sabuwar fadar shugaban ƙasa a wurin.

Kafin ka ga zaki, jemagu za ka fara ji. Dubbai ne, sun rataye a rassa har reshe yana lanƙwasa, suna ta tsuwa da rana tsaka. Ba wanda ya kawo su, ba wanda ya tsare su. Da magariba suke tashi su rufe sama su tafi neman 'ya'yan itace.

Wani ma'aikaci ɗan Bawku, mai jin Hausa sarai, ya ga ledar hannuna ya tare mu. Ya ce ba a miƙa wa dabba komai sai an tambaye su, domin biskit da alewa da mutane ke jefawa suna ɓata musu ciki, wata ma takan haɗiye har ledar. Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Shi ya karɓi ayabar ya ba birin nan da ake kira cimfanzi, muna tsaye daga nesa. Birin ya ɓare ta a nutse da yatsunsa, ya cinye, ya sake miƙo tafin hannu. Muka wuce kada da kura da jimina, yara suna ta ihu.

Can sai ƙaramar cikinsu ta ja rigata. “Baffa, zo ka ga wani abu mai dogon wuya!”

Taguwa ce. Mutane sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto, wasu na ja da baya in ta juyo. Ni kuwa sai na ji gabana ya faɗi, don tun da na bar gida ban ga abin da ya tuna mini da Baba kamarta ba. A ƙasar Gumel na tashi, inda raƙumi ke huɗa a gona, ya ɗauko buhunan gero zuwa kasuwar Maigatari. Ina ɗan yaro nake riƙe akalar amalenmu, ni nake sassabo masa gawo da bagaruwa, ni nake jiƙa masa kanwa.

Na roƙi ma'aikacin ya bar ni in ba ta abinci, na gaya masa daga inda nake. Ya dube ni, ya shiga ya fito da rungumar ɗanyen ganye ya ce, “Bismillah, amma ina kusa.” Ban tunkare ta gaba da gaba ba. Ta gefen kafaɗa na tsaya kamar yadda Baba ya koya mini, na yi mata 'yar muryar da muke yi wa namu. Ta daina tuƙa. Ta sauko da kai a hankali, ta shinshina hannun rigata, sannan leɓenta na sama, mai tsaga biyu, ya kama ganyen ɗaya bayan ɗaya, kowane ɓari yana motsi da kansa. Na ga dogayen gashin idonta, na ga kantar gwiwarta ta gurfane. Na duba tozonta, a tsaye yake, alamar tana samun ci. Wallahi na yi farin ciki da hakan, domin dajin Asante ba mazaunin raƙumi ba ne. Damshi ya yi masa yawa, ga ƙudan tsando. Shi ya sa fataken goro na dā da jakuna da 'yan alaro suke zuwa Gwanja, a yi ciniki a Salaga, raƙumi yana can arewa.

Na ɗaga yarinyar nan, na sa mata ganye a hannu, na riƙe wuyan hannunta. Da leɓen ya taɓa ta sai ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ce su ma sai sun yi.

Kawu bai ce komai ba. Masu bin wannan labari sun san a Kumasi aka haifi Inna, kuma tana yarinya suka tafi Najeriya da Kaka a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta umarci baƙi marasa takardu su bar ƙasar. Kawu ya tsaya wajen maigidansa a rumfar goro. Tun daga nan sai wasiƙa, daga baya sai waya. Bai taɓa taka garin da aka aurar da ƙanwarsa ba.

Ya matso ya ce, “Ɗana, irin wannan ce a gidanku?”

Na ce, “Namu namiji ne, Kawu, ya fi wannan girma. Inna ce ma take ajiye masa dusa.”

“Ita da take tsoron akuya?”

Na ce yanzu ko Baba ba ya nan ita take gurfanar da shi a sauke kaya. Ya yi ta tambaya, rijiyar tana da nisa, wane hatsi muke nomawa, ɗakinta na ƙasa ne ko na bulo. A waya gaisuwa kawai suke yi, ba ta kai su nan. Ya karɓi sauran ganyen ya miƙa da kansa, hannunsa yana rawa.

Da muka fito muka yi la'asar, muka zauna cin shinkafa da wake a wajen wata Bahaushiya. Kawu ya tambaye ni kuɗin mota daga Kumasi zuwa Legas, da na Legas zuwa Kano. Na gaya masa. Ya ce, “Idan goron nan ya haɗu, tare za mu kai shi. Kada ka gaya wa uwarka tukuna.”

Yadda Hajiya ta karɓi maganar, da yadda muka fara neman takardun tafiyarsa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.