Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ɗakin baƙin da ya koma sito

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan makon na tsaya a inda muka haɗe gida ɗaya da Mama, mahaifiyar maigidana, da ƙanwarsa. To yau maganar tarkace ce.

Kowa da nasa lodin ya zo, kafin ka ce me ɗakin baƙi ya cika har ƙofar ba ta buɗuwa duka. Kwalayen firji da talabijin wai ko za a sake tashi, cajojin wayoyin da an manta kamanninsu, robobi ba murfi, takalmi wari ɗaya, fankar da ta mutu tana jiran mai gyaran da ba wanda ya kira. Duk abin da ka taɓa sai a ce bar shi zai yi rana.

Ni fa ba cikar ɗakin ce ta dame ni ba, lafiyarmu ce. Kwali yana shan danshi kuma kyankyasai a saƙo-saƙonsa suke ƙwai, kayan sawan da aka cusa a buhu sun yi fumfuna har warin yana biyo mu falo, ga ƙaramin ɗana kullum cikin tari da atishawa. Ranar da na ciro wata tsohuwar waya na ga batirin ya kumbura har ya ɗaga bayanta wallahi jikina ya yi sanyi, don irin wannan batirin in ya huje ko ya sha zafi wuta yake kamawa, ga shi kwance a tsakiyar takardu.

Amma a gidan haɗaka ba ka da ikon zubar da abin da ba naka ba, ko tsumma ne. Sai na fara da nawa, a tsakar falo inda kowa zai gani, na bayarwa gefe, na shara gefe. Ban ce da kowa komai ba. Da yamma sai ga maigida ya jawo kwalayensa da kansa yana yagawa.

Na Mama ne mai nauyi. Akwai akwatin marigayi Baba da ba a buɗe ba tun rasuwarsa. Na durƙusa na ce, "Mama, in kin yarda mu buɗe a sha iska kawai, ba abin da zai fita sai da izininki." Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ɗauko, 'yata." Tabaransa, agogonsa, rasit-rasit da rubutunsu ya goge fari tas. Kowanne sai ta riƙe ta ba ni labarinsa, muka yi kuka tare. Tabarau da agogo ta mayar ɗakinta, rigunan kuma da bakinta ta ce a wanke a bai wa mabuƙata.

Ƙanwar maigida ce ta kafe, ta ce buhunanta ko motsa su kar a yi. Yadda muka kwashe da ita sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.