Tyre ko tire, aikin da ya cinye mini yammar yau

Laraba da dare.

Ƙanwata ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. Ta rubuta "tire" a gwajin Turanci, malami ya ja mata jan biro ya mayar da shi "tyre".

"Yaya, wallahi haka na gani a waya."

Gaskiyarta ce, amma shi ma malamin bai yi kuskure ba. Turawan Ingila da y suke rubuta kalmar, Amurkawa da mutanen Kanada da i, furucin kuwa ɗaya ne, kuma daga shi muka samo tamu "taya". Waya ta ba ta rubutun Amurka, malami yana bin na Ingila. Na ce mata ta bi na mai ba da maki, kada dai ta gauraya biyun a takarda ɗaya.

Ni asalin kalmar ne ya fi jan hankalina. Masana sun fi karkata ga cewa daga "attire" aka gutsuro ta, wato sutura. Tun ba a san mota ba, da ita ake kiran zoben ƙarfen da maƙera ke sa wa ƙafar keken doki ta katako don kada ta cinye. Robar da ake hura wa iska ta zo ne daga baya: a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya haɗa wa keken ɗansa mai ƙafa uku irinta.

Shi ya sa a wurin Bature robar kaɗai ce "tyre", ƙafar gaba ɗaya da ƙarfenta "wheel" ce. Mu kam duk taya muke cewa, mu huta. Suna kuma tsokanar mai tumbi da cewa yana ɗauke da "spare tyre". Wannan ta fi komai ba ta dariya, har ta kalli cikina.

Da magariba na haska mata gefen tayar mota da fitilar waya: 205/55 R16. Faɗinta milimita 205 ke nan, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, ƙarfen da take zama a kai inci 16. Ta ce me ya sa aka haɗa milimita da inci a layi ɗaya? Na ce wannan kuma sai gobe, barci nake ji.