Wata tara da tsumma a kafaɗa

Ɗan fari ne, don haka a yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Na haife shi a watan Fabrairu, na tafi wankan gida wurin iyayena a Katsina. Har aka yi suna komai lafiya lau. Wajen mako na 3 abin ya soma: da ya saki nono, sai farin ruwa ya biyo gefen bakinsa, wani sa'in har ta hanci. Yau tsinkakke kamar yadda ya shiga, gobe guda-guda kamar kindirmo, da ɗan warin tsami. A wuni nakan sauya masa kaya sau 5, igiyar shanya kuwa ba ta rabuwa da zannuwana.

Umma ba ta damu ba. "Tumbuɗi ne, ƙoshi ya yi masa yawa," in ji ta. 'Yan barka ne suka tayar mini da hankali. Wannan ta ce nonon ne ba shi da kyau, a nemo mini magani. Waccan ta ce a ɗura masa bauri. Wata ta ce zafi ya shigo, ƙishi ne, a ba shi ruwa. Wata kuma ta ja ni gefe ta ce in saya masa madarar gwangwani kowa ya huta. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma maganar nono mara kyau ta zauna mini a rai. Nakan dube shi yana tsotsa, in ji kamar cutarsa nake yi.

Ranar rigakafin mako 6 na kwashe komai na faɗa wa malamar asibiti, ina magana hawaye na zuba. Ba ta ce komai ba sai da ta ɗora shi a kan ma'auni. An haife shi da kilo 3.1, ranar ya kai kilo 4.4. Ta buɗe katin awo ta nuna mini layinsa yana hawa. Ta tambayi sau nawa yake jiƙa nafkin, na ce ya fi 6 a wuni. Sai ta sa na tatsi nono cikin cokali babba guda, ta zuba a kan tsummana. Ya bazu ya fi tafin hannu.

"Kin gani, maman yaro? Cokali ɗaya ne wannan. Abin da ya zauna a cikinsa ya fi wanda ya fito nesa ba kusa ba."

Ta yi mini bayani cewa a bakin tumbi akwai wata tsoka da ke rufewa bayan abinci ya wuce. A jariri ba ta gama ƙwari ba, ga tumbin ƙarami, abincinsa ruwa zalla, kuma yawancin wuni a kwance yake. Shi ya sa nono ke komowa. Wajen jarirai 4 cikin 10 suna yi, yakan soma kafin mako 8, ya fi tsanani wajen wata 4, kuma 9 cikin 10 sun daina kafin shekara. Wannan cokalin ne ya dawo mini da barcina.

Abin da na gyara ba shi da yawa. Ni mai yawan ruwan nono ce, idan ya kawo sai ya riƙa feshi, yaron na haɗiya da sauri yana ƙwarewa, yana haɗa da iska. Sai na koyi jingina da baya in ɗora shi a ƙirjina, kansa ya fi cikinsa tudu. Idan nonon ya cika tam, in tatse kaɗan kafin in ba shi. Na daina jira sai ya yi kukan yunwa, domin mai kuka da haɗama yake kamawa. Da na ga yana tsotsar hannu yana juya kai, sai in ba shi, kaɗan-kaɗan a kai a kai. A tsakiya in dakata in sa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa, bayan ya gama kuma in riƙe shi a tsaye minti 20 zuwa 30. Na sassauta ɗaurin nafkin, na daina tamke zanin goyo a kan cikakken ciki, na kuma roƙi ƙannena su bar cilla shi sama idan bai daɗe da sha ba.

Riƙon dare ne mai wuya. Ƙarfe 2 na dare, ido na rufewa da kansa, ga minti 20 kamar shekara. Bayan arba'in da na koma ɗakina, maigida ya ɗauke mini rabi: in shayar, shi ya zagaya da shi a kafaɗa yana jijjigawa a hankali. Ba na mantawa da wannan.

Kuskure ɗaya na yi wanda har yau nake jin nauyinsa. Don tsoron kada ya ƙware cikin barci, na yi kwanaki ina kwantar da shi rub da ciki, wani lokaci in tokare shi da filo. Da likita ya ji, ya hana ni nan take. Ya ce ko mai tumbuɗi ne, a rigingine ake kwantar da jariri, a shimfiɗa mai ƙarfi, ba filo ba tudu. Lafiyayyen jariri yakan haɗiye ko ya tofar da abin da ya taso masa, kwanciyar rub da ciki kuwa ita ke ƙara haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci. Daren nan na kwashe filon.

Ruwa ne ya fi jawo mini surutu, don watan Afrilu ya zo da zafinsa. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce ba a taɓa barin yaro da ƙishi ba. Ban yi musu da ita ba. Na roƙe ta ta raka ni rigakafin mako 10, ta ji da kunnenta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Ruwa zai cike ɗan tumbin ne kawai ya rage wurin nono, ga haɗarin gudawa. A hanyar komawa ta ce, "To, ke sai ki riƙa sha da yawa." Daga ranar ita ke aiko mini da fura.

Furar ma sai da na tambaya. Wasu jarirai jikinsu ba ya karɓar madarar shanu da uwa ta sha, amma su akan ga ƙuraje, gudawa ko jini a kashi, sai likita ya sa uwa ta ƙaurace wa madara mako 2 zuwa 4 a gani. Nawa ba shi da ko ɗaya. Maganin kemis ma ban ba shi ba, domin yaron da ke ƙiba yana wasa ba ya bukatarsa.

Likitan ya kuma rabe mini tumbuɗi da amai. Tumbuɗi zuba yake ba yunƙuri. Amma idan amai ya zo kore, ko da jini, ko ciki ya kumbura, ko zazzaɓi, ko yaro ya ƙi nono, fitsari ya ragu, maɗiga ta faɗa, ko awo ya tsaya, asibiti za a nufa ba jira. Haka aman da ke tsartuwa da ƙarfi bayan kowane sha a jaririn da bai kai wata 2 ba, musamman namiji, yana iya zama ƙuncin mafitar tumbi, wanda tiyata ke gyarawa. Na rubuta waɗannan a bayan katin awo.

Wata na 4 ya fi kowane wahala, har na ɗauka baya muke komawa. Da ya soma zama, aka fara ba shi kunu mai kauri a wata 6, sai abin ya riƙa ja da baya, daga sau 8 zuwa sau 2, zuwa wata rana babu. Ranar allurar ƙyanda a wata 9, muna cikin layi na kai hannu kafaɗa in gyara tsumma, sai na tarar ban ma ɗauko shi ba, rigata kuma a bushe take.