Tarihin Tigran Petrosian, Kashi na Huɗu: Daga Zurich zuwa Kambun Duniya

A makon jiya mun tsaya a 1952, shekarar da Petrosian, yaron nan ɗan asalin Armeniya, wanda ya yi sharar titi a Tibilisi bayan rasuwar iyayensa lokacin yaƙi, ya kai matsayin babban gwani a darar ces.

A gasar Zurich ta 1953 ne duniya ta ga irin tunaninsa. Yana riƙe da baƙaƙe, Samuel Reshevsky na Amurka na da farare. Kuratan farare sun cika tsakiyar allo, na gidan e5 (harafi da lamba ne sunan kowane gida a allon) yana shirin matsawa e6, kuma in ya matsa, tsaron baƙaƙe ya watse. A motsi na 25 sai Petrosian ya ɗauki hasumiyarsa (mai tafiya a miƙe) ya ajiye a e6, daidai inda giwar Reshevsky (mai tafiya a karkace) za ta cinye ta. A lissafin da ake koya wa ɗalibi, hasumiya maki 5 ce, giwa 3, wato ya yi asarar 2 da gangan. Amma da aka ci hasumiyar, kurtunsa na f7 ya rama, ya toshe e6, dokinsa ya bi ta e7 ya zauna daram a d5 inda babu kurtun da zai kore shi. Giwarsa mai bin fararen gidaje kuma ta rasa abokiyar hamayya. Aka tashi canjaras.

Masu koyo da yawa suna kwaikwayon wannan dabara su sha kashi, don ba sa duba sharaɗinta. Hasumiya ba ta da ƙarfi sai da buɗaɗɗen layi. In layukan a rufe suke, kuma dokinka ya samu gidan da ba a iya tashinsa, cinikin ya yi. In akwai layi ko ɗaya da hasumiyoyin abokin karawa za su kutso ta ciki, ka ba da dukiya a banza.

An sha zarginsa da yawan canjaras, har a jaridun Tarayyar Sobiyat. A ganina zargin bai yi masa adalci ba, domin hango barazana tun kafin mai ita ya tsara ta ya fi kai hari wuya.

Da wannan salo ya ci gasar 'yan takara, wadda ke fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya, a tsibirin Kurasawo a 1962, wasa 27 ba a doke shi ko sau ɗaya ba. A 1963 ya fuskanci zakaran duniya Mikhail Botvinnik a Mosko. Wasan farko ya faɗi, tsoro ya bayyana a motsinsa. Ya farfaɗo a na biyar, inda bayan an yi musayar sarauniyoyi ya fito da sarkinsa ya ratsa allo. A wasa 22 ya ci 5, ya faɗi 2, canjaras 15, maki 12.5 da 9.5, ya karɓi kambun duniya.

Mako mai zuwa za mu shiga karawarsa biyu da Boris Spassky, ta 1966 da ta 1969.