Fargabar da Ta Biyo Bayan Daina Shan Giya

Da na yanke shawarar daina shan giya, kwaɗayinta na fi tsoro. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya gallabe ni fargaba ce marar dalili: gabana na ta faɗuwa, tafin hannuna sharkaf da zufa, in na ɗauki kofin ruwa sai ya yi ta kaɗawa har ya zubo mini a riga.

Likitar da ta duba ni ce ta warware mini zancen. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin GABA mai kwantar da jijiyoyi, da gulutamet mai zaburar da su, kamar birki da totur a mota. Giya na ƙara wa GABA ƙarfi, tana danne gulutamet. In aka daɗe ana sha kullum, sai ƙwaƙwalwa ta gyara zama: ta rage jin GABA, ta ƙara kaifin gulutamet. Ranar da giya ta ɗauke, birki ya riga ya yi sanyi, totur kuwa a take yake. Sinadaran tashin hankali irin su adrenalin su hau, zuciya ta kama bugawa, barci ya ƙaurace. A nan na gane cewa firgitar da ke tashina tsakar dare tun ina sha, somin-taɓin wannan ce. Damuwar da nake korawa da kwalba, kwalbar ce ke haifar da ita.

Alamomin kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, su tsananta a kwana na 2 zuwa na 3. A tsakanin nan wasu ke faɗuwa da farfaɗiya, ko su ruɗe suna gane-gane, abin da kan kai ga rasa rai. Shi ya sa likitar ta hana ni yankewa farat ɗaya ni kaɗai a ɗaki. Ta ɗora ni kan diazepam, maganin kwantar da jijiyoyi, na 'yan kwanaki, ana rage shi sannu a hankali, da bitamin B1. Ta kuma tambaye ni ko na taɓa dainawa na koma, don kowane maimaici kan fi na baya muni.

Rawar hannu ta wuce da wuri. Barci ne ya ja makonni kafin ya daidaita, fargaba kuma takan leƙo da yamma, daidai lokacin da na saba sha. Na daina neman mata dalili a wurin aiki ko a gida. Nakan tashi in taka da ƙafa har ta lafa, in rubuta lokacin da ta zo, in nuna wa likita a zuwa na gaba.