Gidan Wittgenstein a Skjolden

Daga Bergen na hau mota zuwa Sogndal, wata kuma ta bi da mu gefen ruwan Lustrafjord har Skjolden, ƙauyen da reshen teku ya ƙare a tsakiyar duwatsu. Ɗan gidan katako ne ya kawo ni Norway, wanda masanin falsafa Ludwig Wittgenstein ya sa aka gina masa a 1914.

Mota ba ta kaiwa wurin. Da ƙafa ake bi ta bakin tafkin Eidsvatnet, sannan a kama hawa mai tsauri, hannu na dafe da dutse. Ina haki ina mamakin mutumin. Ɗan babban attajirin ƙarfe ne a Vienna, ɗalibin masanin falsafa Bertrand Russell a jami'ar Cambridge, amma nan ya zaɓa. Bayan yaƙin duniya na farko ma ya rabar wa 'yan uwansa da gadonsa, ya koma koyar da yara a ƙauyukan Ostiriya.

Gidan yana maƙale a gefen dutse, tafki na ƙasa. Bayan rasuwarsa an kwance shi an kai cikin ƙauye, sai a 2019 aka mayar da shi mazauninsa.

Na daɗe zaune a bakin ƙofa. A littafinsa na farko, Tractatus, na 1921, ya ce jimla hoton yadda abu yake a duniya ce. Da ya dawo nan a 1936, sai ya zauna yana warware saƙar da kansa. Ya kawo misalin magini da yaronsa: magini ya ce “bulo!”, yaro ya miƙo masa. Ina ma'anar take? Tana cikin aikin da suke yi tare, da sabon da suka yi da shi. Wannan ya fi gamsar da ni nesa ba kusa ba, domin haka na ga yara suna koyon magana, ana aikensu, suna kuskure, ana gyara musu.

Abin da ya taɓa zuciyata shi ne, mutumin da ya gano magana ba ta rayuwa sai cikin jama'a, a wurin da babu maƙwabci ya rubuta hakan. Bai ma ga littafin da ya rubuta hakan a ciki, Philosophical Investigations, a buge ba. Ya rasu a Cambridge a 1951, littafin ya fito a 1953.

Saukowa ta fi hawa wuya, don an yi yayyafi, dutsen ya yi santsi.